Ɗiya Mace da Karatun Duba Gini

  

Maganar da na zo miki da ita yau wata uwa ce ta jawo ta, daga Horo Birni a ƙaramar hukumar Shagari. Ta aiko mana da saƙon murya ta wayar ƙanenta, ta ce ɗiyarta tana aji biyar a sakandare, tana da kai a lissafi, kuma ta kafe ita karatun gini take so idan ta gama. Uban ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin mace birkila ba, kakar yarinyar kuma ta ce abin kunya ne ɗiya mace ta hau katanga. Ita uwar tana tsakiya, ba ta san me ake koya a karatun ba balle ta san bayan wa za ta bi. Shi ne ta ce mu yi mata bayani.

To 'yar uwa, bari mu fara cire wannan ƙaya. Wanda ya yi karatun fasahar gini a kwaleji ba birkila ba ne, ko da yake sai ya iya aikin birkila kafin a ba shi takarda. Aikinsa shi ne ya tsaya a kan gini tun daga haƙa tushe har rufi, ya tabbatar abin da aka zana a takarda shi aka aza a ƙasa, kayan da aka biya kuɗinsu su aka zuba, kuma ba a yi gaggawar da za ta ci rai ba. Bayan an gama an tare, wani reshe na karatun shi ne kula da ginin: yaushe za a gyara rufi, ina ruwa yake kwanciya, wace tsaga ce ta fenti kawai, wace ce kuma za a ce wa mutane su kwashe kaya su fita. A Amurka akwai ƙananan kwalejoji na unguwa da ake yin irin wannan karatu cikin shekara biyu. Mu a nan abin da ya fi kusa da su shi ne kwalejin kimiyya da fasaha, wadda aka fi sani da foliteknik.

Kafin in gaya miki yadda ake shiga, ina so ki ji dalilin da ya sa maganar ta dame ni. Wata gwaggona mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Ta haɗa ɗan tumunin takabarta da kwasar adashi biyu, ta sayar da tumaki, ta ce za ta fita daga ɗakin ƙasa ta yi ciki da falo na bulo. Ta ba wani magini aikin, ita tana cikin gida, sai dai ya aiko yaro ya ce siminti ya ƙare, ta kwance bakin zane ta bayar. Ɗaki ya tashi fes, aka shafa fenti shuɗi, muka je muka yi mata murna. Damina biyu kacal, bangon gabas ya tsage tun daga saman taga har ƙasa, tsagar da za ki zura hannu. Da aka kira wani wanda ya san aikin ya duba, ya sa ƙusa ya karci bulon sai ga shi yana zuba kamar garin tuwo. Ya haƙa gindin bango, tushen bai kai tsawon kamu ɗaya ba, kuma a kan laka aka aza shi. Babu linta a kan tagar, katako aka gitta aka shafe da filasta. Wallahi ranar ban ga hawayen gwaggo ba, amma shirun da ta yi ya fi kuka. Da akwai mai ido ɗaya da ya leƙa aikin nan sau uku kawai, da kuɗin marayu bai tafi a banza ba.

Kin ga ita ta yi sa'a, dukiya ce ta tafi. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta a Jos ya faɗo wa yara suna cikin aji, aka rasa rai 22. A Zariya kuma, cikin watan Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Juma'a ya rufto wa masallata suna sallar la'asar. Masallacin nan tun shekarun 1830 Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi, ya yi kusan shekara ɗari biyu a tsaye, wato ba a ce maginin bai iya ba. Mai martaba Sarkin Zazzau ya shaida wa manema labarai cewa kwana ɗaya kafin abin ya faru an ga tsaga a bango, ana shirin kawo injiniyoyi sai ƙaddara ta riga fata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin lura a nan shi ne ko gini mai kyau yana tsufa, kuma yana ba da alama, sai dai a rasa mai karanta alamar da wuri.

Waɗannan su ne waɗanda gidajen rediyo suka ɗauka. Namu na ƙauye ba mai ɗauka. Duk damina sai kin ji an ce ɗaki ya faɗa wa wance da goyonta cikin dare, ko katangar makewayi ta danne yaro. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan Goronyo ya cinye garuruwa har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san yadda gidan ƙasa yake narkewa idan ruwa ya kwana a gindinsa. Kuma ki tambayi kanki, wa yake cikin ɗakin nan dare da rana? Maigida ya yi sammako gona ko kasuwa. Ke ce a ciki, ke da yara.

Nan ne nake ganin ɗiya mace ta fi namiji amfani a wannan aiki, kuma ina so uban yarinyar nan ya saurara da kyau. Gidajenmu na Bodinga da Shagari da Yabo gidajen kulle ne. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Ko ma'aikacin gwamnati ne ya zo da takarda, sai an yi sallama da maigida, in ba ya nan sai dai ya koma. To wa zai shiga ya ga azarar da gara ta cinye a ɗakin uwargida? Wa zai ga an haƙa masai taku biyar daga rijiyar da ake sha, alhali masana lafiya suna son a bar kamar mita 30 a tsakaninsu? Mace ce za ta ɗaga labule ta shiga har ƙuryar ɗaki, ta zauna a tabarma, matar gida ta gaya mata gaskiya, ta ce ai tun bara nake jin ƙasa na zubo mini a gado. Yadda muka yi ta roƙo a bar 'ya'yanmu su karanci unguwarzoma don kada namiji ya karɓi haihuwarmu, hujjar ɗaya ce.

Batun cewa gini ba na mata ba ne kuwa, a tambayi kakar yarinyar wa yake yin daɓe a zamaninsu. Mata ne suke taruwa da madaɓai, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta yi sulɓi kamar siminti. Mata ne suke shafe ɗakin amarya da farar ƙasa. A rugar Fulani mace ce take kafa bukkarta da hannunta. Hannunmu ya daɗe a cikin gini, takarda ce kawai ba mu riƙe ba.

Yanzu ga yadda hanyar take. Maganar tana farawa tun daga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba yara ajin kimiyya da na adabi. Yarinyar da take son wannan fanni dole ta kasance a ajin kimiyya, ko kuma a kwalejin koyon sana'a irin ta Farfaru ko Runjin Sambo. Ana neman kiredit a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, musamman a Turanci da Lissafi da Fiziks. Kemistiri da zanen fasaha suna ƙara mata ƙarfi. Uwa, ko ba ki yi boko ba, ki riƙe sunayen nan uku, ki riƙa tambayar ta sakamakonsu duk ƙarshen zango. Yara da yawa sai sun zo cike fom suke gane Fiziks ya kayar da su, shekara guda ta tafi.

Daga nan sai jarrabawar JAMB, ta zaɓi foliteknik. Mafi kusa da mu ita ce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke cikin Sakkwato, sai ta tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kabi, sai babbarsu ta Kaduna. Wadda take son digiri kai tsaye, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen gini da ya daɗe. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: akwai hukumar da take tantance kwasa-kwasan foliteknik, sunanta NBTE, hedikwatarta tana Kaduna, an kafa ta a 1977. Kafin ki biya ko sisi, a sa wani mai ilimi ya duba ko kwas ɗin yana da amincewarta a shekarar da za a shiga. Takardar kwas marar amincewa ado ce kawai a bango.

Karatun hawa biyu ne. Ƙaramar difloma, wato ND, shekara biyu ce, kuma a tsakiyarta akwai wata huɗu na koyon aiki a wurin gini na gaske. Idan ta gama sai ta yi shekara guda tana aiki a ƙarƙashin wani kamfani ko ma'aikata, sannan ta koma babbar difloma, wato HND, ita ma shekara biyu, sai bautar ƙasa. Kin ga shekara biyar ke nan kafin bautar ƙasa. Na san abin da yake ranki: aure fa? Amfanin wannan tsari shi ne yana da mahuta. Yarinya tana iya gama ND ta yi aure da takardarta a hannu, ta fara ɗan aiki, in an yi dace da miji mai fahimta ta koma ta ƙarasa. Sai dai a yi maganar tun wajen neman aure, a gaban waliyyai, kada a bar ta sai an tare. Batun kuɗi kuma, tun 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance marar ruwa, NELFUND, kuma ɗaliban foliteknik na gwamnati suna ciki. Bashi ne, za a biya bayan an fara aiki, saboda haka a zauna a yi shawara kafin a karɓa.

Me ake koya musu? A shekarar farko za ta sha zane, ta koyi karanta taswirar gini yadda kike karanta wasiƙa. Za ta koyi awon fili da na'ura, ta koyi halin ƙasa. Ƙasar jigawa mai yashi daban, lakar fadama daban. Laka tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan rani ya yi, shi ya sa gidan da aka aza a kanta ba tare da tushe mai zurfi ba yake tsagewa, irin na gwaggona. Za ta shiga ɗakin gwaji ta kwaɓa kankare, ta zuba a ɗan akwati, bayan kwana 28 a sa shi a inji a matse har ya fashe don a san ƙarfinsa. Za ta riƙe cokalin birkila ta jera bulo, ta yi aikin kafinta, ta san hanyar famfo da wayar lantarki. A babbar difloma ne ake shiga lissafin kuɗin aiki, da tsara wane aiki ne zai riga wane, da dokokin kwangila, da kula da lafiyar leburori, da gyaran tsofaffin gine-gine.

Bari in ɗan gutsura miki kaɗan daga abin da suke koya, don ko ba ki da ɗiya a makaranta zai yi miki amfani ranar da za ki yi gini. Buhun siminti kilo 50 ne, kimanin kwano biyu na leburori. Kankaren da aka saba yi wa ginshiƙi da linta, kwano ɗaya na siminti ne, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Wato buhu ɗaya ya ci kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. In kin ga ana ta loda yashi ba lissafi, to ana cin ki. Bulo mai inci tara, magina na ƙwarai ba sa wuce kamar talatin a buhu, amma masu son riba suna matsa buhu ya haifi hamsin. Gwajinsa ba wuya: ki karce shi da ƙusa, ko a ɗaga shi daidai ƙirji a sake shi a ƙasa mai tauri. Na kirki zai tsaya ko ya ɓalle a gefe, na banza zai watse. Yashi kuma ki zuba shi a kwalba rabi, ki cika da ruwa, ki girgiza, ki ajiye. Yashin zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. In lakar ta yi kauri, wannan yashi zai raunana simintinki.

Sai ban ruwa, wanda shi ne aka fi yi wa ha'inci a ƙasarmu mai zafi. Mutane suna zaton siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi. A'a, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Bulo ko kankaren da aka bari a ranar Sakkwato ta watan Afrilu ba ruwa, ƙonewa yake yi. Aƙalla kwana bakwai ana jiƙa shi safe da yamma, in da hali a rufe shi da buhu mai laima. Wannan ko ke da yaranki za ku iya, ba sai kin jira magini ba. Kuma kada ki sayi siminti ki jibge wata da watanni kina jiran kuɗin bulo su taru. In ya wuce kamar wata uku, ko ya sha laima ya yi ƙulalai, ƙarfinsa ya ragu. Muna da kamfanin siminti a Kalambaina tun shekarun 1960, yanzu yana hannun BUA, ba nisa za a je nemansa ba, a saya lokacin da za a yi aiki da shi.

Kada kuma ki ɗauka karatun ya raina ginin ƙasa. Ɗakin tubali da rufin soro ya fi na bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba, duk wadda ta kwana a cikin biyun a watan bazara ta sani. Abin da yake kashe shi ruwa ne, ta sama da ta ƙasa. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro. Ko kuma a bar gindin bango ba dakali, ruwan sama yana dukansa yana zaizaye shi. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa ake yaɓe kafin damina, kuma a manyan garuruwa akwai Sarkin Magina da yake sa ido a kan aikin magina. Yanzu yaɓen ya ragu, sarautar ta zama ta ado a wurare da yawa, ba a kuma sami wanda ya maye gurbin ba. Yarinyar da ta haɗa ilimin kwaleji da na tsofaffin maginan garinsu, ita ce za ta iya cewa a aza tubali a kan tushen dutse da siminti, a sami sanyi a sami ƙarko, kuɗin kuma bai kai na bulo ba.

To in ta gama, ina aikin yake? Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ayyuka, har Bodinga da Shagari. A Sakkwato akwai hukumar tsara birane da take ba da izinin gini, akwai ma'aikatar ayyuka da ta gidaje, akwai hukumar ilimin bai-ɗaya da take gina azuzuwan firamare a ƙauyuka, kuma kowane aji da aka gina yana bukatar wanda zai sa hannu ya ce ya yi. Akwai 'yan kwangila, akwai asibitoci da bankuna da manyan makarantu masu neman mai kula da gine-ginensu. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa tamu, da ya yi shugabancin Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, gina gidaje masu sauƙin kuɗi yana cikin manyan manufofinsa, har yau a jihohi da dama akwai unguwannin da ake kira da sunansa. Gidajen nan sun haura shekara 40, duk suna neman mai duba su. Wadda kuma mijinta bai yarda da aikin ofis ba, tana iya zama mai ba mata shawara: ta yi wa bazawara lissafin kayan ɗaki biyu, ta leƙa aikin ranar tushe da ranar linta da ranar rufi, a biya ta ladanta. Domin a kira mutum cikakken magini a dokar ƙasa kuwa sai ya yi rajista da majalisar magina ta CORBON, wadda dokar 1989 ta kafa, bayan ƙarin gogewa da jarrabawa. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Rashin masu bin sa da masu tilasta shi ne ciwon.

Ba zan ɓoye miki wahalarsa ba, don kada gobe ki ce na yi miki daɗin baki. Aikin rana ne da ƙura. A aji za ta iya samun kanta su biyu ko uku a cikin maza masu yawa. A wurin aiki birkilan da ya girmi ubanta zai ce yarinya ƙarama ba za ta koya masa aikin da ya gada ba, sai ta iya girmama shi ta kira shi baba, amma ta tsaya a kan a warware abin da aka yi ba daidai ba. Mafi nauyi shi ne ranar da ɗan kwangila zai turo mata ambulan don ta sa hannu a kan ajin da ta san rodinsa bai cika ba. Yara sittin za su zauna a ƙarƙashin rufin nan. Tarbiyyar da za ta sa ta mayar da ambulan ɗin ba a kwaleji ake ba da ita ba, daga ɗakinki take fitowa. Sannan har yanzu ana kukan bambancin da ake nuna wa masu HND a kan masu digiri a wasu wuraren aiki, gara ta san da haka tun yanzu.

Sutura kuma, wadda na san ita ce ta fi tsaya wa kaka a rai, ba ta hana komai. Hular kwano tana zama daram a kan ɗankwali da hijabi. Abin da ba a so shi ne hijabi mai jan ƙasa kusa da injin kwaɓa kankare ko a kan tsani, don yana iya sarƙewa. Sai ta sa madaidaici, da riga mai dogon hannu har gwiwa, da wando mai faɗi, da takalmi mai tauri saboda ƙusa. Kuma yawancin aikin mai duba gini a ƙasa yake, da tef ɗin awo da littafi a hannu.

Ke kuma uwar da kika aiko da saƙo daga Horo Birni, ga abin da zan ce ki yi. Kada ki yi gardama da maigida a kan kalmar birkila. Ki bari sai ya ci tuwo ya huta, ki ce yarinya ta zagaya da shi cikin gidan nan naku, ta nuna masa inda ruwa yake kwanciya, da bangon da ya fara ciki, da tazarar masai da rijiya. In akwai ginin da ake yi a unguwa, ya karɓo mata bulo ɗaya da yashi cikin gwangwani ta yi gwajin ƙusa da na kwalba a gabansa. Daga nan sai ki kawo maganar Fiziks da kuɗin JAMB.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shigo da wata ma'aikaciyar lafiya mu yi maganar rijiya da masai, tunda na taɓo ta yau ban ƙarasa ba. A gaida yara, a shafa mini kan na goye. Wassalamu alaikum.